Aku da Jiran Gida: Sake Karanta Magana Jari Ce a Makon Sallah

Babbar Sallar 2024 ta faɗo ranar Lahadi, 16 ga Yuni, damina tana shirin sauka. Kawuna da mai ɗakinsa suna Makka, yaransu an kai su Haɗeja wajen dangi, ni kuma aka bar mini gida a Auyo. Dalilin zaɓena ba abin tinƙaho ba ne. Sana'ata rubuta manhaja, kuma a wajen danginmu wanda aikinsa ke cikin kwamfuta ba ya zuwa ko'ina, don haka ba abin da zai rasa in ya zauna. Aka ƙirga mini abin da ke hannuna: tumaki biyar, ɗaya da tsohon ciki, awaki uku, kaji, ɗakin tantabaru, da wata kyanwa da ba ta san ni ba, ba ta kuma nemi sanina ba. Kawu ya miƙo makullai ya ce, "Ɗan nan, amana ce."

A kantar ɗakinsa na tarar da littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, bangon ya rabu da jiki. Rabona da shi tun ina ƙaramar sakandare. Abin da na riƙe a kai, kamar yawancinmu, shi ne gajerun labaran ciki, na wawaye da ɓarayi da sarakuna. Babban labarin da ya goyo su kuwa tsallake shi muke yi, kamar yadda ake tsallake talla. Sai da na karanta shi da makullan wani a aljihuna na gane cewa littafin nan, daga farkonsa har ƙarshensa, labarin jiran gida ne.

Bari in tuna wa wanda ya manta. Sarki Abdurrahman ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, daga baya Allah ya ba shi Musa. Rigima ta tashi tsakaninsa da Sarkin Sinari a kan maganar aure, har ta kai ga yaƙi. Sarki ya fita da runduna, jikansa Mahmudu na cikinta, aka bar Musa a gida. Waziri, wanda haihuwar Musa ta toshe masa hanyar gadon sarauta, ya haɗa baki da abokan gaba. Abin da yake nema kawai shi ne yaron ya fito daga fada. Musa ma fitar yake so, don zuciyarsa na wajen Mahmudu da dawaki. Wanda ya tsaya tsakaninsa da ƙofa shi ne Aku, tsuntsun da aka saya daga hannun wani Balarabe. Kullum dare in Musa ya yi shirin tafiya, sai Aku ya ja shi da labari har gari ya waye, tafiya ta fasu. Haka har Sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa Aku a madadinsa.

To ka ga masu jira biyu ke nan Abubakar Imam ya jera. Mutum mai rawani da aka amince wa da sha'anin gari ya ci amana, tsuntsun keji da aka bar wa yaro ɗaya ya riƙe. Sauran labaran duka kayan aikin mai jira na biyu ne. Wanda ya cire su ya karanta ɗaiɗai zai sha dariya, amma ya rasa abin da ke ba su nauyi, wato ran yaron da ke rataye a kan kowanne. In labari ɗaya ya gaza daɗi, Musa zai miƙe ya fita.

Imam bai ƙago wannan gini ba. An haife shi a Kagara a 1911, ya yi suna da Ruwan Bagaja bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933, sannan a 1936 Rupert East ya jawo shi Zariya ya tara masa littattafan labaran ƙasashe don ya rubuta abin karatu ga makarantu. Daga nan littattafai uku na Magana Jari Ce suka fito tsakanin 1937 da 1939. Manazarta sun bi sawun labaran zuwa Alfu Laila da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Jamusawa, Grimm, da wasunsu. Shi kuwa tsuntsu mai tsare mutum da labari asalinsa Indiya ne, cikin littafin Sanskirit mai suna Shukasaptati, wato labaran aku saba'in, wanda Nakhshabi ya sake ginawa da Farisanci wajen 1330 da sunan Tutinama, mai darare 52.

An daɗe ana musu a kan ko wannan aro ne ko ɗauka. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da Imam ya sauya. A Tutinama, ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa Khujasta da tsuntsaye biyu. Ta so fita wajen wani saurayi. Tsuntsuwar farko ta faɗa mata gaskiya tsirara, ta kashe ta. Aku ya ga abin da ya sami 'yar'uwarsa, sai ya ɗauki hanyar labari. Imam, da yake yara 'yan makaranta yake rubuta wa, ya mai da matar ta zama ɗa, ya mai da saurayin ya zama fagen fama. Wannan sauyi ya wuce tsabtace labari don idon malamai. Ya sauya irin kwaɗayin da ake yaƙa. Musa ba alfasha yake nema ba. Abin da yake so abu ne da duk garinsu ke yabo: ya hau doki, ya shiga cikin maza, a gan shi inda ake kaɗa tambari. Hana mutum mugun abu yana da sauƙin bayani. Hana shi abin da kowa ke alfahari da shi, don kawai an bar masa ko an bar shi a gida, shi ne aiki mai wuya, kuma a nan Imam ya fi tushensa zurfi.

Na san wannan kwaɗayi, don ya kama ni a makon nan. Ba abin da Bahaɗeje ke ji da shi kamar hawan Sallah. Masarautar da ta yi Sarki Buhari a tsakiyar ƙarni na 19, ta kuma tsaya wa Turawa a 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada, tana fito da wannan tarihi kan titi a ranakun hawa: hakimai da jama'arsu, 'yan lifidi, 'yan bindiga, kakaki da algaita, Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje ƙarƙashin laima, samari na sakin dawaki wajen jafi. Tun safe abokai ke turo mini hotuna ta WhatsApp. Daga Auyo zuwa Haɗeja ba wata tafiya ba ce a babur. Na zuba wa dabbobi dusa da harawa, na cika kwatarniya da ruwa, na kulle gida na jefa makulli a aljihu. Na ce awa biyu zan yi.

Na yi kallo, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinsa ƙwarai. Can la'asar sakaliya hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, ruwa ya tsinke. Ban samu komowa ba sai bayan isha'i. Na tarar iska ta yaye rufin garke, tunkiyar nan ta haihu tagwaye cikin taɓo. Ɗaya na tsaye yana rawar sanyi, ɗaya ya mutu. Iya, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ta ce tun magariba take jin kukan tunkiyar ta katanga, ta zo har ƙofa sau biyu ta iske kwaɗo. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kawo tsumma da garwashi a kasko muka ɗumama mai ran.

A daren nan na koma wa littafin da wata tambaya: da me Aku ya yi nasara inda na kāsa a kan kaina? Dabararsa ɗaya ce, kuma Imam ya maimaita ta dare bayan dare. Ba ya tsayawa gardama da Musa. Sai ya nuna kamar ya yarda da tafiyar, sa'an nan ya jefa wani karin magana ko ya kwatanta halin da ake ciki da na wani mutum da Musa bai sani ba. Musa ya tambaya wane ne wannan. Da ya tambaya, shi ke nan, da bakinsa ya nemi a tsare shi. Shaharzad ta Alfu Laila labari take yi don ta tsirar da wuyanta. Aku yana yi ne don ya tsirar da mai sauraronsa, ba tare da mai sauraron ya san ana tsirar da shi ba.

Wannan dabara na san ta, domin ita ce ta sana'armu. Shafin da ba ya ƙarewa komai jan da ka yi masa da yatsa, bidiyon da ke tashi da kansa kafin ka gama tunanin na baya, saƙon da ke nuna maka rabin magana don ka buɗe ka ga sauran, duk jikokin Aku ne. Ba mai ce maka kada ka tashi, sai dai a ce ga wani ɗan guda tukuna. Aza Raskin, wanda ake danganta wa ƙirƙirar shafi marar ƙarshe a 2006, ya fito daga baya ya nuna nadamarsa. Shugaban Netflix na wancan lokacin, Reed Hastings, ya taɓa faɗi a 2017 cewa barci na cikin abokan gasarsu. Mai karanta wannan sharhi a waya ƙarfe biyun dare ya san abin da nake nufi.

Inda Aku ya bambanta da su ba a iya riƙe mutum ba ne, a wanda ya ba shi aikin ne. Mahaifin yaron ne ya bar masa shi, don amfanin yaron. Aikin yana da ranar ƙarewa, wato ranar da Sarki zai dawo. Kuma a ranar nan za a yi lissafi. Waɗannan abubuwa uku, mai abu da wa'adi da lissafi, su ne ke raba jira da garkuwa da mutum. Manhajar da ke riƙe da ƙaninka har asuba ba mahaifinsa ne ya aike ta ba, ba ta da ranar sallama, kuma lissafinta masu talla take kai wa. Imam ya halatta wa Aku wayo, har da ruɗi, amma ya ɗaure wayon da amana. In aka kwance wannan ɗaurin, abin da ya rage Waziri ne mai daɗin baki.

Ba zan rufe ido a kan raunin littafin ba. Na farko, Musa bai girma ba. Dare bayan dare yana faɗawa tarko ɗaya, bai taɓa tsayawa ya ce, "Anya tsuntsun nan ba riƙe ni yake ba?" An tsirar da shi, amma ba a koya masa tsare kansa ba, kuma yaron da zai gaji sarauta ya fi bukatar na biyun. Taken littafin ma wajen mai magana ya karkata. Jari na mai baki ne, mai kunne kuwa ba a ce komai game da nasa rabon ba. A zamanin da kowa ke da aku a aljihu, darasin sauraro ne muka fi rashi.

Na biyu ya fi damuna. Da Imam ya cire Khujasta, sai babban labarin ya koma kusan na maza zalla, aikin jiran gida ya faɗa hannun tsuntsu namiji, ladansa kuma rawanin waziri. A garuruwanmu ba haka abin yake ba. Ranar hawa, wa ke zama? Tsofaffi mata, masu jego, 'yar riƙo, almajirin gida. Su ke ba dabbobi ruwa, su kwashe shanya in hadari ya taso, su tsare tukunyar naman layya daga kyanwa. Iya ta ce mini rabonta da ganin hawa tun kafin ta aurar da 'yarta ta fari, ba don ba ta so ba, sai don kullum dole wani ya zauna, kuma kullum ita ce wanin. Ladanta a ce mata sannu da gida. Littattafanmu na zube, tun daga na 1930 da wani abu har zuwa na soyayya da ake sakawa a waya yau, sun cika da masu fita, matafiya da mayaƙa da masu neman aure. Ina jiran marubucin da zai tsaya da alƙalaminsa a tsakar gida ranar da gari ya watse zuwa kallo, ya ba mu labarin wanda aka bari da makulli. Imam ya buɗe wannan ƙofa, ya kuma sa tsuntsu ya tsaya a bakinta.

Kawu ya dawo bayan makonni. Tumaki biyar ya bar mini, ya tarar da shida. Ba wanda ya san tagwaye ne sai ni da Iya, ita kuwa ba mai magana ba ce. Na yi kwana biyu ina jujjuya abin a raina. A na uku, bayan sallar asuba, na same shi a garke na faɗa masa komai, har da kwaɗon da na sa wa ƙofa. Ya daɗe yana kallon ɗan ragon kafin ya ce, "Da ba ka faɗa ba, da ban sani ba." Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ƙara da cewa, "Baɗi in za ka kallo, ka bar wa Iya makulli. Ko kuwa ka zauna, ita ta je."