Rataƙu Bayan Tiyata: Inda Sharhinmu Ya Tsaya

Shehu Halil, a Muhtasar, ya sanya rataƙu, wato toshewar farji, cikin aibobin da ke bai wa miji zaɓin warware aure. Amma ya ɗibar wa matar wa'adin magani, ya kuma hana tilasta mata idan halitta ce. Wannan rabin ne darussanmu ke tsallakewa.

Yau tiyata na buɗe hanyar, illar hukuncin ta gushe. Sai dai wadda aka haifa ba farji galibi ba ta da mahaifa, a nan kuwa sharhinmu ya yi shiru. Majalisar Fiƙihu ta Makka ta halatta aron mahaifar kishiya a 1984, ta janye a 1985, sannan a 2014 aka haihu ta dasasshiyar mahaifa a Suwidin. Haƙƙinta na jin daɗin saduwa kuwa, har yanzu a bakin miji muke tambayarsa.