Jinjina ga Masu Tono Tarihin Sukari a Brooklyn

Unguwar Williamsburg da ke Brooklyn, a birnin New York na Amurka, ta daɗe tana ƙamshin sukari. Tun 1856 iyalan Havemeyer suka kafa matatar sukari a bakin kogi, wadda daga baya aka fi sani da Domino. Baƙi 'yan ci-rani ne suka riƙe ta da guminsu: Jamusawa, 'yan Ireland da Poland, sannan mutanen Puerto Rico da Jamhuriyar Dominika. A 2004 aka rufe ta.

Da ƙura ta lafa, masu kuɗi suka hango gidajen haya. Masu fasaha kuwa mutane suka hango.

A 2014 ƙungiyar Creative Time ta gayyaci mai fasaha Kara Walker cikin tsohon rumbun matatar. Ta gina mutum-mutumin wata baƙar mace durƙushe, tsawonta ƙafa 75, aka lulluɓe ta da farin sukari. Kewaye da ita gumakan yara ne ɗauke da kwanduna, wasunsu na alewa, suna narkewa a hankali cikin zafin bazara. Duk wanda ya shiga sai ya tuna bayin Afirka da suka ƙare rayuwarsu a gonakin rake na Karibiyan. Wasu dai hoton shashanci kawai suka je ɗauka, amma wannan ba laifin Walker ba ne.

Ƙungiyar UnionDocs ma ta cancanci yabo, don ta farfaɗo da fim ɗin Los Sures na 1984 da aka yi kan unguwar, ta bi mazauna unguwar tana naɗar labaransu. An rushe rumbun tuni, amma saboda waɗannan mutane, rusau bai haɗa da tarihin ma'aikatan ba. Madalla da su.