Jinjina ga Malama Maria Goeppert Mayer

Daga cikin malaman fiziya da suka yi wa ilmi hidima domin ƙaunarsa tsantsa, babu wadda ta cancanci jinjina a wurina kamar Maria Goeppert Mayer, haifaffiyar 1906, wadda ta sami digirin dakta a Gottingen ta ƙasar Jamus a 1930, ta bi mijinta Amurka, ta shafe shekaru tana nazari da karantarwa ba muƙami, ba albashin kirki, alhali kuwa fahiminta bai ɓuya ga kowa ba.

Mas'alar da ta gagari masana ita ce dalilin da ya sa cibiyar ƙwayar zarra take tabbata daram idan adadin furoton ko nutron ɗinta ya kasance 2, 8, 20, 28, 50, 82 ko 126. Ita kuwa, tana Shikago, ta bayyana a 1949 cewa waɗannan ƙwayoyi jere suke ɓawo bisa ɓawo kamar albasa, kuma juyawar kowace ƙwaya a kan kanta tana ɗaure da kewayawarta, har matakan ƙarfi su rarrabu, adadin nan su fito daidai bisa hisabi. Hans Jensen na Haidelbag ya cim ma wannan natija a lokaci guda, amma maimakon husuma sai suka wallafa littafi tare a 1955, ladabin da yake burge ni ainun.

Sai a 1960 ta sami cikakkiyar kujerar farfesa a San Diego, a 1963 kuma ta karɓi lambar Nobel, mace ta biyu a fiziya bayan Marie Curie. Ta rasu a 1972.