Tsokaci a Kan Koyar da Fiziks na Hoton Asibiti a Aikace

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Wannan tsokaci ya dubi yadda ya dace a ci moriyar wannan dama wajen koyar da fiziks na ɗaukar hoton cikin jikin ɗan Adam.

2.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Babban aibin da muke gani shi ne fifita hadda a kan gwaji. Ɗalibi zai iya kawo cewa Röntgen ne ya gano hasken eksire a 1895, kuma sautin na'urar sikanin yana tafiyar kimanin mita 1,540 a daƙiƙa cikin tsokar jiki. Amma in aka tambaye shi dalilin shafa man nan mai yauƙi a cikin mai juna biyu kafin a ɗora na'urar, sai ya yi zuru. Alhali amsar tana cikin darasin da ya haddace: iskar da ke tsakanin na'ura da fata tana mayar da kusan dukkan sautin baya.

Hujjar da aka saba kafawa ita ce tsadar na'urori. Gaskiya ne ba kowane sashe zai mallaki na'urar MRI ba, sai dai tushen ilimin bai buƙatar ta. Da tocila da ma'aunin haske ɗalibi zai tabbatar cewa ninka nisa sau biyu yana mayar da ƙarfin haske kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ƙa'idar ke nan da ma'aikaci yake kare kansa da ita a ɗakin eksire. Haka kuma, in aka binne ƙwallon gilashi cikin daskararren jelatin, ƙaramar na'urar sikanin ta isa ɗalibi ya auna zurfinsa, ya kwatanta da abin da ya lissafa.

Aibi na biyu ya shafi harshe. Ana koyarwa da Ingilishi, ana jarrabawa da shi, amma yawancin majinyatan da ɗalibin zai tarar a asibitocin Arewa Hausa suke ji. Wanda bai iya bayyana wa dattijuwa dalilin cire 'yan kunne da duk wani ƙarfe kafin shiga ɗakin MRI ba, iliminsa bai kai inda ake buƙatarsa ba, domin maganaɗisun na'urar yana fizgar ƙarfe, kuma yana nan ko ba a ɗaukar hoto.

3.0 Kammalawa

Bisa ga haka, muna ba da shawarar a ware wa gwaji maki nasa na musamman, a kuma sa kowane ɗalibi ya yi bayanin gwajinsa da baka cikin harshen majinyacin yankinsa. Wajibi ne malaman fiziks da na Hausa su zauna tare su daidaita kalmomin fannin kafin su shiga manhaja.