Fim ɗin matattu masu yawo da mudun 'yan intanet



Duk mai wucewa ta rumfunan masu tura fim a waya a kasuwar Jimeta ya san yaranmu yanzu ba sa zaɓen abin kallo sai sun leƙa intanet sun ga maki nawa aka ba shi. Mai takwas ya fi mai shida, shi ke nan, magana ta ƙare. Cikin abin da suke yawan turawa akwai wani dogon shiri na Amurka, The Walking Dead, labarin matattu masu tashi suna yawo suna cin mutane, waɗanda yara ke kira zombi. Kashi ɗaya zan ɗauka daga ciki in auna, sannan in duba mudun da ake auna shi da shi, domin mu 'yan kasuwa mun san kafin a yi gardamar hatsi sai an fara duba mudu.

Ga wanda bai san shirin ba: tashar AMC ta fara nuna shi ranar 31 ga Oktoba 2010, aka rufe shi a Nuwamba 2022, bayan zango 11 da kashi 177. Asalinsa littafin zane ne na Robert Kirkman. Wani ɗan sanda mai suna Rick ya farfaɗo a gadon asibiti a jihar Jojiya, ya tarar wata annoba ta rushe ƙasa, babu gwamnati, babu kasuwa, babu lantarki. Wanda duk ya mutu sai ya tashi ya bi masu rai, sai fa in an huda masa ƙwaƙwalwa. Rick ya tara 'yan tsirarun da suka tsira, suna neman wurin fakewa daga nan zuwa can.

Kashin da nake magana a kai shi ne na farko a zango na bakwai, wanda aka nuna ranar 23 ga Oktoba 2016. Abin mamaki, matattun ba su ne abin tsoro a cikinsa ba. Wani azzalumi ne, Negan, shugaban wata runduna mai kiran kanta masu ceto, wadda ke karɓar rabin abin da kowane ƙauye ya mallaka da sunan ba shi kariya. Mutanen Rick sun taɓa kai wa sansaninsa hari da dare suka kashe masa mutane suna barci. To sai ya yi musu ƙawanya a daji, ya durƙusar da su a jere, ya ɗauko gorarsa da ya naɗe da waya mai ƙaya, ya zaɓi wanda zai kashe da irin wasan ƙirgen nan na yara. Ya fara da Abraham. Da wani cikinsu, Daryl, ya kasa haƙuri ya kai masa naushi, sai ya juya ya kashe Glenn a gaban matarsa Maggie, tana da ciki. Daga ƙarshe ya kwantar da ɗan Rick a ƙasa, ya miƙa wa uban gatari, ya ce ya sare hannun ɗansa ko a kashe kowa. Sai da Rick ya ɗaga gatarin yana kuka kamar yaro, sannan ya ce ya isa.

In faɗi gaskiya, masu shirin sun san yadda zalunci yake aiki. Azzalumi ba ya son ya ƙarar da mutane, don in ya ƙarar da su wa zai yi masa noma? Abin da yake so shi ne ya karya shugabansu a gabansu, kowa ya gani, daga nan haraji ya riƙa zuwa da kansa. Wanda ke jin labarin ƙauyukan Zamfara da Sakkwato, inda 'yan bindiga ke sa wa manoma kuɗi kafin su bar su su yi shuka ko girbi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wurin gatarin nan kuma, duk ɗan makarantar allo zai tuna da jarabawar Annabi Ibrahim da ɗansa. Negan ya ari wannan sura ne ya ɗora kansa a matsayin da ba na bawa ba, irin girman kan Fir'auna. Andrew Lincoln da ya fito a Rick ya yi ƙoƙari ƙwarai, kana kallonsa kana ganin namiji yana narkewa. Wannan yabo ne, kuma sun cancance shi.

Laifin kashin biyu ne a wajena. Na farko, algus. An tsayar da zango na shida a watan Afrilu daidai lokacin da gorar ta sauka, aka ɓoye wanda ta samu, aka bar masu kallo fiye da wata shida suna caca a kan wa ya mutu. Da aka dawo ma sai da aka ja su wani lokaci mai tsawo kafin a nuna. Wannan dabarar ɗan kasuwa ce mai ɓoye kaya don ya yi tsada, ta mai da mutuwar mutum abin talla.

Na biyu ya fi mini ciwo, a matsayina na wanda kan tsaya a kan gawa. Kyamara ta ƙi kau da kai daga Glenn. Ta tsaya a kan fuskarsa da ta lalace yana ƙoƙarin yi wa matarsa magana, aka kuma ci gaba da dukan bayan rai ya fita. Alhali a zango na farko, Glenn ɗin nan shi ne ya tsaya kai da fata cewa nasu da suka mutu binne su za a yi, ba za a ƙone su tare da sauran ba. Mutumin da ya kare mutuncin gawa, tasa gawar aka tozarta don a burge masu kallo. Mafi kyawun wuri a kashin gaba ɗaya yana can ƙarshe, inda Maggie ta yunƙura za ta ɗauki mijinta ita kaɗai, sauran suka matso suka kama mata. 'Yan mintoci ne kawai, kuma ba su ne yara ke turawa juna ba.

Yanzu mu zo kan mudu. A shafin IMDb, wanda kamfanin Amazon ya mallaka tun 1998, duk mai rajista yana iya ba kowane kashi maki daga 1 zuwa 10. Ba a tambayarka ko ka kalla, balle shekarunka ko hankalinka. Shafin Rotten Tomatoes kuwa ya raba makin masu sharhi na jaridu da na sauran jama'a, kuma a 2019 sai da ya sauya dokarsa, bayan mutane sun yi taron dangi suna zagin fim ɗin Captain Marvel tun kafin ya fito. Ka ga ke nan akwai mai auna hatsin da bai gani ba.

Ko wanda ya kalla tsakani da Allah, me yake aunawa? Wani ya ba da goma don gabansa ya faɗi. Wani ya ba da ɗaya don an kashe masa gwani. Dukansu zafin zuciyarsu na wannan dare suka rubuta, sai na'ura ta haɗa ta raba, ta fito da lamba guda mai kama da hukuncin alƙali. Masu sharhi kansu sun rabu biyu a kan kashin, wasu na yabon ƙarfinsa, wasu na cewa azabtar da mai kallo ne kurum. Hukuncin da ya fi ƙarfi ƙafa ce ta yanke shi: mutum miliyan 17 suka kalle shi a daren farko a Amurka, mako na gaba suka koma kusan miliyan 12 da rabi, kuma shirin bai sake hawa inda yake ba har ya ƙare. Amma ko wannan, abin da ya gaya mana shi ne mutane sun ƙosa. Bai gaya mana ko abin da shirin ke faɗa game da ɗan Adam gaskiya ne ba.

Wannan tambaya kuwa mu a Jimeta muna da ta cewa, fiye da mai danna tauraro a ɗakinsa a Landan. Shirin yana nuna taimakon juna nan da can, ban musa ba. Amma darasin da yake ta maimaitawa zango bayan zango shi ne: in hukuma ta faɗi, baƙon da ke bakin ƙofarka shi ne ajalinka. Har wani sansani aka nuna da ya kafa alluna yana kiran mutane su zo su sami mafaka, ashe yanka su ake yi ana ci.

To mu mun ga ranar da hukuma ta faɗi. A ƙarshen Oktoba 2014 Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, bayan Madagali da Michika. Jama'a suka kwararo ta Hong da Gombi da Song, wasu a ƙafa, suka haye gadar Binuwai suka shigo mana ba su da ko tabarma. An buɗe sansani a Damare da Malkohi da Fufore, cocin Saint Theresa ta cika maƙil, masallatai ma haka. Amma mafi yawansu a gidajen mutane suka sauka. Gidan mutum goma ya koma na talatin, aka ƙara ruwa a miya, Musulmi ya sauki Kirista, Kirista ya sauki Musulmi. Ba mala'iku ba ne mu. An sami masu tsawwala kuɗin haya, an sami masu karkatar da kayan agaji, kuma da bom ya tashi a masallacin Juma'a na Jambutu ranar 23 ga Oktoba 2015, shekara ɗaya cif kafin a nuna wannan kashi, zargin baƙo ya shiga zukata. Duk da haka ba a rufe ƙofofi ba. Da mutanen garin nan sun yi aiki da karatun The Walking Dead, da dubbai sun kwana a bakin gada.

Saboda haka hukuncina shi ne: kashin ya iya zana azzalumi, ya yi ha'inci wajen sayar da mutuwa, kuma shirin ya rage wa ɗan Adam mudu. Ba na ƙananan yara ba ne ko kaɗan, kowane maki aka ba shi. Iyaye, kada lambar da ke kan waya ta zama ita ce mai ba da izini a gidanku, domin masu ba da ita ba su san ɗanku ba. Samari kuma da suka riga suka kalla, ban ce ku tuba daga kallon fim ba. Ku dai je ku tambayi iyayenku mutum nawa suka kwana a gidanku a Nuwamba 2014, da abin da aka ci, da wanda ya kawo. Yawancinku kuna ƙanana a lokacin. In kun ji amsar, sai ku dawo ku ba shirin makin da kuka ga ya dace.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Wassalam.