Gemun Auduga: Me Ya Sa Muke Dariya Idan Yaro Ya Kwaikwayi Malam?

Zanen barkwanci mai nuna yara suna yi wa malami ko hedimasta tsiya yana yawo a wayoyinmu, kuma sau da yawa hukuncin da muke yanke masa ɗaya ne: rashin tarbiyya, baƙon abu daga Turai. Muna ganin an yi gaggawar hukunci.

Gaskiya ne salon ya daɗe a can. A 1865 Bajamushe Wilhelm Busch ya fitar da Max da Moritz, yara biyu da suka ɗura wa malaminsu albarushi a lofe. A Birtaniya kuwa, tun 1954 mujallar Beano take zana 'yan ajin Bash Street suna wahal da malaminsu.

Amma mu a Gwandu da Kalgo ba sai an kawo mana ba. Azumi na kai kwana goma, yara kan fito tashe bayan shan ruwa. Dubi wasan Ka Yi Rawa: an naɗa wa yaro rawani, an manna masa gemun auduga, ga carbi a hannu. 'Yan amshi suna tuhumarsa da yin rawa, yana musantawa, alhali jikinsa na taka ta. Baki na faɗin abu, ƙafa na ƙaryata shi. Nan dariyar take, kuma dabarar ke nan da mai zane yake amfani da ita: akwatin farko ya nuna mai iko yana cika baki, na ƙarshe ya kwance masa zani a kasuwa.

To, wa ake yi wa dariyar? Ba ilmi ba. Gwandu gari ne na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda hubbarensa yake, babu mai koya wa mutanensa girmama malami. Duk da haka iyaye kan ba 'yan tashe tukuici. Sun san mai wa'azin da ba ya aiki da shi ake zolaya, ba mai allo ba.

Bambancin ƙarshen labarin ma abin lura ne. Busch ya sa aka niƙe yaransa a injin niƙa, agwagi suka cinye su. Namu kuwa hatsi ko 'yan kuɗi suke samu, gari ya waye su koma gaban malam su durƙusa. Al'ada ta ba su lokaci, ta kuma sa musu iyaka.

Da wannan ma'auni ya kamata mu auna zanen yau. Wanda ya zolayi girman kai ko bulala ba dalili ya yi aikinsa. Wanda ya mai da talaucin malamin firamare, ko nakasarsa, ko karin harshensa abin dariya, ya bar mai ƙarfi ya taka mai rauni, wannan cin mutunci ne.

Kafin mu tura zane ko mu la'ance shi, mu tambayi kanmu: halin ake wa dariya, ko mutumin?