Karkuzu na Bodara da Dariyar Tsakar Gida

Da labarin rasuwar Malam Abdullahi Shu'aibu ya bazu a Jos a watan Maris na 2025, mutane da yawa sai da aka ce musu "Karkuzu" kafin suka gane wanda ake nufi. Sunan wasa ya daɗe da shafe na yanka. Tun shekarun 1980 ake masa kirari da Karkuzu na Bodara, ikon Allah, zamanin da akwatin talabijin ɗaya ke tara yaran layi guda a tsakar gidan mai shi.

Ba banza ba irin wannan wasa ya samu gindin zama a Jos. A nan gidan talabijin na jihar Binuwai da Filato ya fara watsa shirye-shirye masu kala a 1975, kafin kowace tasha a Najeriya. Bayan NTA ta karɓi tashoshin ƙasar a 1977, a nan ɗin dai aka shirya Cock Crow at Dawn a 1980, inda Ƙasimu Yero, gwanin Karambana na Kaduna, ya fito a matsayin Gaga. Kayan aiki da ma'aikata suna nan. Abin dariyar kuwa garin ne ya tanade shi tun zamanin haƙar kuza, lokacin da Bakano da Babarbare da Birom da Angas da Bayarabe suka haɗu a bakin rami da kasuwa, Hausa ta zama abin ciniki da faɗa da sulhu, kowa da irin karin harshensa.

Jarin wannan barkwanci ba shi da yawa: maigida, uwargida, amarya, ɗan haya da mai bin bashi. A ɗauki rigimar kuɗin cefane, wadda kusan babu wasan da bai taɓa ta ba. Maigida ya saɓa babbar riga zai fita, uwargida ta tare ƙofa ta ce, "Malam, ba a bar na cefane ba." Sai ya shiga laluben aljihu, na dama, na hagu, har na 'yar ciki, ya fito da goro ɓari guda da tsohon rasit. Daga nan ya koma wa'azi kan falalar haƙuri. Ana cikin haka mai bin bashi ya yi sallama, maigida ya raɗa wa yaro, "Ka ce ba na nan," yaro ya fita ya ce, "Baba ya ce wai ba ya nan." Mai kallo ya san ƙarshen tun daga farko. Abin da yake jira shi ne yadda dattijon zai murɗa magana ya fita kunya, kuma a nan ake gane gwani.

Masu wasan ba su ƙago wannan salo ba, daga gida suka ɗauko shi. Kaka tana kiran jikanta "maigidana", tana masa gorin bai kawo cefane ba. Ƙanin miji da matar wa suna tsokanar juna, taubasai suna yi, Fulani da Barebari suna yi. Duk wasa ne mai iyaka: a taɓa rowarka da cika bakinka, a bar asalinka da iyayenka. 'Yan kama ma, masu kwaikwayon malamai suna jan baƙi a kan tuwo da miya, sun san inda ake tsayawa.

Wurin aiki ya samu nasa rabo. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Nuwamban 2023, tsohon soja ne na gaske, shi ya sa rawarsa ta Samanja Mazan Fama ta zauna daram: tsawa ga kurata, rawar jiki gaban hafsa, da Hausar bariki mai gauraye da Turanci. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin wani oga ya gane mutumin.

Sai dai kewar wancan zamani ba za ta rufe ido ga aibin salon ba. Mace a cikinsa ba ta cika wuce mai mita ko mai kishi ba, baƙauye kuma kullum shi ne wawa. Wannan ɓangaren ne finafinan camama suka fi ɗauka suka ƙara masa gudu da faɗuwa da ihu, duk da cewa Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamban 2014, yana da kaifin bakin da ya wuce na masu kwaikwayonsa.

Sana'ar kuma ba ta riƙe masu ita ba. A tsarin talabijin na gwamnati, ɗan wasa ya karɓi ɗan abin da aka ba shi, shirin ya zama na tasha, ko sau nawa aka maimaita. Karkuzu ya tsufa cikin rashin gani da rashin muhalli, har sai da ya fito ya nemi taimakon jama'a. Ahmed Musa, ɗan ƙwallon Super Eagles a lokacin, haifaffen Jos, shi ne ya saya masa gida.